Motar Jama'a Ba Ta Tafiya da Tafi

Jama'ar Unguwar Kanawa, da maƙwabtanmu na Unguwar Shanu da Abakpa da Unguwar Dosa da Badarawa, 'yan'uwana da 'ya'yana, ina so mu natsu mu yi wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Magana ce a kan motocin haya na gwamnati, da kuɗin da ke riƙe da su, da lissafin da ya wajaba a riƙa ba mu a kansu, da kuma irin sakacin da mu kanmu muke yi har abin alheri ya lalace a gaban idonmu. Tare muka yi shirun, tare kuma muke shan wahalarsa, don haka kada kowa ya ɗauka da wani ake.

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya zo Kaduna, kuma cikin abubuwan da aka ƙaddamar har da manyan motocin bas 100 masu aiki da iskar gas ta CNG, waɗanda gwamnatin Sanata Uba Sani ta samar. Ba a jima ba suka hau titi, aka ce hawa kyauta ne na wata shida a karon farko. Duk wanda ya san halin da aka shiga tun ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin mai, ya san wannan sauƙi ne na gaske. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Magidanta da yawa sun jingine motocinsu, ɗalibai sun koma takawa a ƙasa, 'yan fansho sun rage zuwa asibiti. Saboda haka mun gode wa Allah, mun kuma yaba wa waɗanda suka yi, domin yabon gwani ya zama dole.

Sai dai mu da muka ɗan kwana biyu a duniya, ba yau muka fara ganin sababbin motoci an jera su a fili ana yanka ƙyalle ba. A 1988, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya jigata mutane, gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro shirin sufurin jama'a na birane, aka rarraba motoci a faɗin ƙasa. Mu nan muna da hukumar sufurinmu ta KSTA, wadda babu wanda ya girma a garin nan bai san sunanta ba. A zamanin Gwamna Namadi Sambo an sa jirgin ƙasa yana jigilar mutane a cikin gari a kan tsohon layin dogo, yana haɗa arewacin Kaduna da kudancinta a kan kuɗi kaɗan. A Janairun 2012 Shugaba Jonathan ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zafi, aka sauko da ita 97, aka kafa shirin SURE-P, aka yi alkawarin motoci 1,600, jiharmu ma ta sayo nata. A 2014 gwamnatin Ramalan Yero ta hana acaba a cikin birni, Keke Napep ya cike gurbin. Idan kun lura, yawancin waɗannan motoci sun zo ne bayan rayuwa ta yi tsada kuma rai ya ɓaci. Ana kawo su don hankalin jama'a ya kwanta, idan ya kwanta kuma sai hankalin kowa ya bar kansu.

To, ina waɗancan motocin suke yau? Ina jirgin cikin gari? Kowa ya san ƙarfe ba ya dawwama. Amma babbar motar da aka kula da ita tana iya shekara goma ko fiye tana aiki, kuma kafin ta gaji ya kamata a ce an tanadi abin da za a maye gurbinta da shi. Mu kuwa muna gani motoci suna raguwa a titi ɗaya bayan ɗaya, yau a jira rabin awa, gobe a jira awa guda, jibi a daina jira baki ɗaya, ba mu taɓa haɗuwa a matsayin unguwa mun tambayi nawa aka saye su, nawa suka tara, wa ya saye su ranar gwanjo, a kan nawa ba. Mun ce kayan gwamnati ne, muka kaɗa riga muka tare Keke. Wannan shirun shi ne ya koya wa masu riƙe da amana cewa babu mai tambaya, kuma shi ne darasin da kowane sabon jami'i yake tararwa a kan teburinsa.

Bari mu fahimci yadda motar gwamnati take mutuwa, domin ba dare ɗaya take mutuwa ba. Sayen mota kamar ɗaurin aure ne: biki na yini ɗaya ne, cefane kuwa kullum ne, kuma a cefanen ake gane mai riƙon gida. Kasafin kuɗin gwamnati kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na hidimar yau da kullum. Sayen mota yana cikin na farko, shi ake sanarwa a rediyo, shi ake gayyatar baƙi a kansa. Baƙin mai da taya da birki da batir da albashin direba da na bakanike suna cikin na biyu, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci a baitulmali su ake fara jinkirtawa, domin ba a kaɗa ganga don an canza wa mota baƙin mai. Sai lokacin sabis ya wuce ba a yi ba. Sai wani ɗan ƙarfe ya lalace, a rubuta takarda, takardar ta yi wata uku tana yawo daga ofis zuwa ofis, motar tana tsaye a gareji rana na dukanta. Kafin kuɗin ya fito wata motar ta samu matsala, sai a kwance na wadda ke tsaye a ɗaura wa ta biyu. Daga ranar da aka fara wannan kwance-kwancen, ta farko ta gama yawo, za a ɗora ta a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Idan kuma tun farko an sayo samfurin da babu kayan gyaransa a kasuwa, ba a kuma koya wa kanikawanmu aikinsa ba, to abin ya fi sauri. Motocin gas suna da nasu sharaɗin: tukunyar gas tana bukatar dubawa a kan lokaci, wurin shan gas yana bukatar ya wadata, kuma ba kowane bakanike ne ya san kansu ba. Ga kasuwar Panteka nan cike da matasa masu basira da hannu. Idan ba a horar da su tun yanzu ba, za a zo ana neman mai gyara daga wata ƙasa ranar da motoci suka fara tari.

A inda ake karɓar kuɗin mota kuma, akwai wata ɓarakar. Kuɗi a hannu yana bi ta hannun kwandasta, ya bi ta na mai karɓa a tasha, ya bi ta na akawu, kuma a kowace gaɓa ana iya samun yoyo. Abin da ya tsira ya isa asusun gwamnati, sai ya gauraya da sauran kuɗaɗe. Jiharmu ta rungumi tsarin asusun bai-ɗaya tun 2015, kuma ya toshe ƙofofi da yawa na ɓarna. Amma idan ba a yi doka ta musamman da za ta mayar wa motoci da kasonsu a kan lokaci ba, sai ka ga mota ta tara kuɗi da guminta, amma ranar da take bukatar taya sai ta shiga layi tare da masu neman kuɗin kwangila da na tafiye-tafiye.

Yanzu bari mu juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ke zuƙe mai ya sayar, ba daga sama ya faɗo ba, ɗan wani gida ne a cikinmu, kuma mun san lokacin da ya fara kashe abin da ya fi albashinsa, muka sa masa albarka ba mu tambaye shi ba. Kwandastan da ke karɓar kuɗi ya hana tikiti, da yardarmu yake yi, domin ya rage mana wani abu mun ji daɗi. Bakaniken da ke rubuta sabon ƙarfe ya ɗaura tsoho, muna sahu ɗaya da shi a masallaci ko a coci. Mu ne muke shiga mota mu ce "na gida ne" don kada mu biya, mu ne muke kai sunan yaron da bai iya tuƙi ba wurin wani babba a yi masa alfarma a ba shi sitiyari, alhali rayuka hamsin za su zauna a bayansa. Yaranmu suna farke kujera da reza, suna rubutu a jikin mota, muna kallo ba mu tsawata ba, abin da ba za mu lamunta ba da a motar mahaifinsu ne. Muna turereniya a bakin ƙofa har mai ciki da tsoho su rasa shiga. Muna kasa kaya a rumfar da aka gina don masu jiran mota. Kowane ɗaya a cikin waɗannan ƙarami ne a idon mai yin sa, amma haɗuwarsu ce take kai mota kan duwatsu.

Mun ga misalin haka a tashar Rigasa. An buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, da bashin da aka ciwo daga Sin, wanda har yau ake biya da kuɗin 'yan ƙasa. Da hanyar mota ta yi haɗari, kowa ya koma jirgi, sai cuwa-cuwar tikiti ta kunno kai: a ce ya ƙare a taga, amma yana nan a hannun wasu a waje a kan ninki. Mun yi ta Allah wadai, amma masu sayen na bayan fage mu ne, kuma wanda ya samu ta wannan hanya har alfahari yake yi cewa ya san mutane. Sai a farkon 2021 aka fara sayar da tikiti ta intanet. Darasin a fili yake: inda aka rage hannun da kuɗi ke bi, aka kuma bar shaida a rubuce, ɓarna tana raguwa. Amma na'ura ba ta gyara zuciyar mai saye da mai sayarwa, wannan aikinmu ne.

Sai batun kyauta, wanda na san yana da daɗin ji. Ku sani, 'ya'yana, duk motar da ta tashi daga Kawo ta nufi Sabon Tasha ta sha gas, an biya direbanta, tayarta ta ci titi. Idan fasinja bai biya ba, baitulmali ne ya biya, kuma baitulmali kuɗinmu ne, wanda da shi ake sayen magani a asibiti da alli a makaranta. Ba ina cewa tallafin laifi ba ne. A manyan biranen duniya da wuya ka samu inda kuɗin tikiti kaɗai yake riƙe motocin jama'a, kusan ko'ina hukuma tana cikawa, domin ta san amfanin yana komawa ga kasuwa da makaranta da lafiyar gari. Abin da ya bambanta su da mu shi ne sun san daga ina cikon yake fitowa, kuma sun ɗaure shi da doka. A Faransa tun 1971 aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Faris wani ɗan kaso a kan albashin da suke biya, musamman don sufurin jama'a, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran birane. A Landan tun 2003 mai shiga tsakiyar gari da motarsa yana biyan kuɗin cunkoso, doka kuma ta ce ribar a harkar sufuri za a kashe ta. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, inda aka buɗe layin bas na musamman a ƙarshen shekarar 2000, masu karɓar kuɗi daban, masu tuƙa motoci daban, kuma ana biyan kamfanin mota ne gwargwadon tafiyar da motarsa ta yi. A nan gida Legas ta buɗe nata layin a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, a ƙarƙashin hukumar LAMATA, yau kuma da katin Cowry ake biya.

Tallafin da ya dogara da zuciyar gwamna ɗaya, ranar da gwamnan ya sauka ko aljihun jiha ya yi sanyi, shi ke nan. Gara a ce mana gaskiya: ga abin da tafiya ɗaya take ci, ga abin da gwamnati za ta ɗauka, ga ɗan abin da mai hali zai biya, ga ɗalibi da tsoho da mai bukata ta musamman an ɗauke musu. Kuɗi kaɗan da za mu biya shekara goma muna hawa ya fi mana kyautar da za ta ƙare mu koma gidan jiya. Magabata sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuma kada a ce babu inda za a samo kuɗin. Harkar sufuri a garin nan tana zubar da kuɗi kowace safiya. Mai Keke yana yankar tikiti kafin ya ɗauki fasinjan farko, bayan balas ɗin da zai kai wa mai shi da yamma. Direban bas yana biya a tasha, ɗan kamasho yana karɓar nasa, ƙungiya tana karɓar nata. Ana biyan kuɗin lamba da na sabunta takardu, hukumar KASTLEA tana cin tarar masu karya dokar hanya. Duk wannan daga aljihun fasinja yake fitowa a ƙarshe, domin direba a kanmu yake fanshewa. Ashe ba daidai ba ne mu nemi a bayyana jimillar abin da ake tarawa a shekara, a kuma yanke wani kaso sananne a zuba shi a asusun da doka ta keɓe don gyaran motoci da sabunta su, wanda ba mai taɓa shi don wata hidima? Haka su ma shugabannin ƙungiyoyin direbobi, 'yan'uwanmu ne, kuma mambobinsu suna da haƙƙin su ji inda kuɗin tikitinsu yake tafiya.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu saboda manyan ayyukan da ke tafe. An aza harsashin layin bas na musamman, wato BRT, mai tsawon kilomita 24 daga Kawo zuwa Sabon Tasha, ana kuma maganar jirgin ƙasa na zamani a cikin gari. Waɗannan ayyuka ne na biliyoyin naira, kuma jiharmu ba ta rasa bashi a wuyanta ba: a watan Maris na 2024 Gwamna da bakinsa ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Mun kuma ji yadda aka yi da shirin jirgin cikin gari na gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai, wanda aka ƙulla da wani kamfanin Indiya amma ba a kai ga shimfiɗa layi ba. A 2025 hukumar ICPC ta je kotu a kan naira biliyan 1.37 da suka shafi aikin, tsofaffin jami'an gwamnatin kuma suka musanta cewa an yi ba daidai ba. Hukunci na masu shari'a ne, ba namu ba. Abin da ya shafe mu shi ne sai bayan shekaru muka ji labarin kuɗin, kuma daga bakin kotu muka ji shi. Da ana buga lissafi a bainar jama'a tun ranar farko, da mai gaskiya ya huta da zargi, da mai niyyar ɓarna ya ji tsoro, da mu kuma ba mu rabu gida biyu muna musu a kan abin da babu wanda ya ga takardarsa a cikinmu ba.

A nan ma muna da laifi. Mun mayar da tambaya ta zama gaba. Idan namu ne a kan kujera, duk mai tambaya ɗan adawa ne, maƙiyi ne. Idan ba namu ba ne, ko alheri ya yi ba ma gani. Alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai ƙaunar gwamna na gaskiya shi ne wanda yake so motocin da ya kawo su wuce zamaninsa suna aiki. Idan ɗan majalisa ko kansila ya zo unguwa, bukatun da muke kai masa na kanmu ne: kuɗin suna, kuɗin asibiti, buhun shinkafa. Ya ba mu, mun yi godiya, bakinmu ya mutu. Wanda ya karɓi na cefanen yini ɗaya yana jin nauyin ya tambayi lissafin shekara.

Abin da za mu nema ba mai wuya ba ne, kuma duk mai motar haya ɗaya a Kawo yana neman irinsa daga direbansa kowane dare. Kowane wata uku a faɗa mana motoci nawa ake da su, nawa ne suke fita aiki, nawa ne suke gareji kuma me ya same su. A faɗa mana mutum nawa aka ɗauka a kowace hanya, nawa aka kashe a gas da gyara da albashi, nawa aka ware a kasafi kuma nawa aka saki a zahiri, domin tsakanin warewa da saki akwai tafiya mai nisa. A faɗa mana wa aka ba kwangilar gyara, ta wace hanya aka zaɓe shi. A manna jadawalin tashi a kowace rumfa, don mai jira ya san ko an cika alkawari ko an saɓa. A karanta wannan da Hausa da Turanci a gidajen rediyo, a kuma lika shi a tashoshi. Sannan a bar kowa a kan aikinsa: hukumar KADSTRA mai tsarawa da sa ido ta tsaya a kan sa ido, masu gudanar da motoci irin su Kaduna Line su tsaya a kan gudanarwa, domin ba a haɗa ɗan wasa da alƙalin wasa a jikin mutum ɗaya. A ɗauki shugabannin waɗannan wurare bisa sanin aiki, a ba su wa'adi da ma'auni, wanda ya cika a bar shi ko gwamnati ta canza, wanda ya gaza a sauke shi ko ɗan wane ne.

Ƙofofin tambaya kuwa a buɗe suke, mu ne ba mu shiga. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011. Jiharmu ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu aiki a buɗe, wato OGP, tun 2018, da alkawarin sa jama'a cikin tsara kasafi. Akwai shirin Eyes and Ears da aka kafa don ɗan ƙasa ya kai rahoton aikin gwamnati da ya gani da idonsa. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda yake miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki, akwai kuma kwamitin majalisar mai bin diddigin asusun gwamnati. Majalisar nan tana zama a Lugard Hall, tafiyar 'yan mintoci daga unguwarmu. Muna wuce ta safe da yamma, amma mu nawa ne muka taɓa shiga ranar da ake sauraron ra'ayin jama'a a kan kasafi? Muna da lauyoyi da akantoci da injiniyoyi da tsofaffin ma'aikatan gwamnati a cikin lungunanmu, waɗanda suka san yadda ake karanta waɗannan takardu. Iliminsu yana ƙarewa a hirar bakin titi bayan la'asar.

Ku dubi abin da zai biyo baya idan muka sake yin sakaci. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. A ƙaddara mutum yana kashe naira 1,000 kullum a zuwa da dawowa, kwana 26 a wata. Naira 26,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya samu, tun bai sayi ƙwayar masara ba. Irin wannan magidanci shi ne zai fara lissafin wane yaro zai je makaranta yau, wane zai zauna, kuma mun san sau da yawa 'ya mace ake cewa ta haƙura. Mai ciki za ta tsallake ranar awo, mai hawan jini zai ɗaga zuwa asibitin Barau Dikko sai jiki ya rikice. Matashin da ya samu aiki a Kakuri zai ajiye shi saboda kuɗin mota ya cinye ladan, ya dawo ya zauna a bakin layi, zaman da muka san abin da yake haifarwa. Mai ƙaramin jari a Kasuwar Sheikh Gumi zai ɗora kuɗin motarsa a kan kaya, mu kuma mu saya da tsada.

Akwai kuma wata asarar da ba a lissafa ta da naira. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 garin nan ya rabu, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma inda yake jin ya fi aminci. Akwai yaran da suka tashi a arewacin gari ba su san Barnawa ko Unguwar Television ba, akwai na kudanci da ba su taɓa taka Kawo ba. Motar da ke haye gada safe da yamma tana cikin wurare ƙalilan da ɗan Unguwar Kanawa da ɗan Sabon Tasha suke zama kafaɗa da kafaɗa, wannan ya matsa wa wancan, yaro ya tashi ya ba tsohuwa kujera ba tare da ya tambayi addininta ba. Garin da ya sha irin wahalar da muka sha bai kamata ya yi wasa da abin da ke haɗa mutanensa ba.

Kada kuma a manta da masu Keke da direbobin ƙananan bas, waɗanda suka ɗauke mu duk shekarun da babu motar gwamnati. Iyalai dubbai suna ci daga wannan sana'a, kuma gyaran da zai jefa su cikin yunwa bai cika gyara ba. A Dakar ta Senegal, tun 2005 aka haɗa masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, aka ba su sababbi bashi suna biya sannu a hankali, aka ba kowace ƙungiya hanyarta, aka sa tikiti. Mu ma ana iya tsara namu su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni suna kawowa bakin babban titi, a ɗauki ƙwararru a cikinsu aikin manyan motocin. Wanda aka ba gurbi a cikin tsari shi ne zai fi kowa tsare shi.

Don haka ga shawarata, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin matasa da na mata su zauna su fitar da mutum kaɗan masu natsuwa da sanin takarda, waɗanda ba su neman kwangila ba su neman muƙami. Su rubuta wa ɗan majalisarmu da hukumomin sufuri wasiƙa cikin ladabi, su nemi lissafin da muka ambata, su ajiye kwafi, idan wata uku ya cika su sake komawa. Ɗalibanmu da ke hawa kullum su riƙa rubuta ranar da mota ta zo da ranar da ba ta zo ba, domin hujja a rubuce ta fi ƙorafi a baki. Ranar sauraron kasafi mu je da yawanmu mu nemi a kafa asusun gyara da doka. A gida kuma kowa ya ja kunnen nasa: mai tuƙi ya tuƙa da tsoron Allah, mai karɓar kuɗi ya ba da tikiti, mai hawa ya bi layi, ranar da aka sa kuɗi kuma ya biya ba tare da neman alfarma ba. Yanzu ne lokacin, tun motocin suna da ƙarfinsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dukiyar jama'a amana ce, kuma amanar tana wuyan mai riƙe da makulli, tana kuma wuyan mai gani ya yi shiru. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe ta da gaskiya, Ya ba mu ƙarfin halin tambaya da ladabi da haƙurin bibiya, Ya zaunar da Kaduna lafiya.